Kwalkwalin fatar sojan Jamus da gyaran gida ya kusa hallakawa

Asalin kwalkwalin

Kwalkwalin irin wanda Jamusawa ke kira Pickelhaube ne, baƙar hular fata mai tsinin ƙarfe a tsakiyar ka, wadda ake gani a hotunan sojojin Jamus na farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sarkin Furusiya, ɗaya daga cikin masarautun Jamus na lokacin, wato Friedrich Wilhelm na Huɗu, shi ya shigar da shi cikin kayan sojojinsa a 1842. Sauran ƙasashen Jamus suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, Bavariya kuwa ba ta karɓa ba sai 1886. Na farko dogo ne mai nauyi, aka yi ta rage masa tsayi har aka kai ga samfurin 1895, wanda da shi akasarin sojojin ƙasa suka shiga yaƙi a 1914. Wannan da muke magana a kai samfurin 1895 ne, na ƙaramin sojan ƙasa na Furusiya.

Ƙoƙon kan ƙirgin saniya ne da aka jeme da ɓawon itatuwa, aka danna shi a kan abin da ke da siffar kai har ya bushe ya sandare, sannan aka shafe bayansa da baƙin fenti mai sheƙi. An ɗinka masa marfi biyu na fata, ɗaya a goshi ɗaya a ƙeya. A goshi akwai mikiyar Furusiya ta tagulla, wadda ƙananan madaukai biyu na bayanta ke ratsa fatar, a soke su da ƴan guntayen fata daga ciki. Tagulla ce kuma ta zagaye bakin marfin goshi, wata ta gangaro daga gindin tsinin zuwa ƙeya. A ciki akwai shafi na tattausar fata, an yanka shi harsuna harsuna, ana tattara su da igiya don su zauna a kan mai sawa. Daga 1915 aka koma yin kayan ƙarfen da baƙin ƙarfe mai fenti ruwan toka saboda tagulla ta yi wuya, a 1916 kuma hular kwano ta ƙarfe ta fara maye gurbin ta fata a fagen daga, tun daga yaƙin Verdun a Faransa.

Wani sojan Birtaniya ne ya dawo da shi daga Faransa. Ya ajiye shi shekaru da yawa a kan kantar da ke saman murhun kwal, a gidansa da ke wani garin masaƙu na arewacin Ingila. Bayan rasuwarsa aka naɗe shi a jarida aka jefa cikin kwali a saman silin, inda zafi ke tsananta da bazara, sanyi da laima su mamaye da hunturu. Jikansa, magidanci da ya yi ritaya daga aiki, shi ya ci karo da shi lokacin da ake kwashe kayan gidan.

Maris: halin da aka same shi

Jikan ya ɗauki hotuna shida da wayarsa tun kafin ya taɓa komai, kuma daga su aka san yadda kwalkwalin yake a ranar.

An ajiye shi ne a kan marfinsa biyu, don haka duka sun lanƙwashe ciki. Nauyin tsini ya dannar da saman ƙoƙon ya lotsa kimanin milimita 12. Fatar ta tsuke da shekaru, tagulla kuwa ba ta tsukewa, saboda haka tagullar ƙeya ta gantsare ta bar jikin fata, ta bakin goshi kuma ta yi ƙundu a gefe ɗaya. Zaren da ya riƙe marfin ƙeya ya ruɓe fiye da rabi. Fentin waje ya tsattsage ko'ina amma bai zube ba, sai a wuri ɗaya mai faɗin ɗan yatsa kusa da tsini. Maɗaurin haɓa ya ɓata, haka ma ɗaya daga cikin alamomi biyu masu zagaye da ake sawa a gefen kunne. Wadda ta rage ita ce ta daular Jamus, mai baƙi da fari da ja, da aka fara sawa a 1897.

Shafin ciki ya fi komai jin jiki. Ya koma ja-ja, in an taɓa shi sai gari ya biyo yatsa. Wannan cuta sananniya ce ga fatar da aka jeme da tsirrai. Fata na shan iskar salfa da ke cikin hayaƙin kwal da fitilar gas, iskar ta rikiɗe ta zama asid a cikinta, asid ɗin ya yi ta cin zaruruwan fatar har su daina riƙe juna. Garuruwan masana'antu na Ingila sun sha wannan hayaƙi sosai kafin dokar tsabtace iska ta 1956. Masu ɗaure littattafai a can sun daɗe da sanin cutar, kuma tana cikin dalilan da suka sa suke daraja fatar akuyar Sakkwato da majema suka jeme da bagaruwa, domin ta fi yawancin fatun masana'anta jurewa.

A ƙarƙashin marfin ƙeya akwai hatimi biyu na baƙar tawada. Ɗaya na ma'ajiyar tufafin soja ne, ɗaya na rundunar da aka ba kwalkwalin. A hoton wayar ana ganin akwai rubutu, amma hoton bai fito yadda za a karanta lambobin ba.

Maris zuwa Mayu: gyaran gida

Jikan ya yi abubuwa huɗu, bisa shawarar abokai da abin da ya sani game da kula da takalma.

Ya fara da mai. Ya sayo man da ake tatsa daga ƙasusuwan ƙafar shanu, wanda ake shafa wa sirdi da linzami, ya shafe cikin ƙoƙon da shafin da ƙarƙashin marfin biyu, sau uku cikin mako biyu. Fatar ta shanye, ta yi duhu, ta yi laushi, garin ya daina tashi. A idonsa magani ya ci. Da ya ja igiyar shafin don ya ga ko harsunan za su haɗu, biyu suka yage daga gindi.

Sai ya koma kan tagulla. Ya goge mikiya da tsini da man goge ƙarfe na kanti mai warin amoniya, ba tare da ya cire su daga jikin fatar ba. Sun yi ƙyalli, amma farin saura ya maƙale a cikin gashin mikiyar da kuma tsagogin fentin da ke kewaye da ita. Don ya rufe farin, ya bi dukkan bayan kwalkwalin da baƙin man takalmi.

Na huɗu shi ne tururi. Ya kifa kwalkwalin a bakin butar shayi tana tafasa na ƴan mintuna, ya tura wurin da ya lotsa da babban yatsa daga ciki. Wurin ya ɗan taso, ya sake komawa kafin gari ya waye. Fentin da ke kewaye da tsini ya yi fari-fari, guntaye suka ɓalle, wurin da ya zube ya ninka faɗinsa. Harshen shafi ɗaya da tururin ya fi duka ya yi baƙi, ya ƙanƙance, ya ƙandare.

A ƙarshen Mayu wani kore mai maiƙo ya fara fitowa a duk inda tagulla ta taɓa fata, wani farin abu mai kama da fumfuna kuma ya bayyana a cikin ƙoƙon. Nan ya tsaya, ya nemi wata ƙwararriya mai kula da kayan fata na gidajen tarihi.

Yuni: gwaje-gwaje

Ƙwararriyar ta yi kusan mako uku ba ta gyara komai ba. Ta ɗauki hotuna ta kowace fuska, ta auna, ta rubuta duk abin da jikan ya ce ya shafa da ranar da ya shafa, sannan ta yi gwaji huɗu.

Ta tsinci ƴan zaruruwa daga shafin da kuma cikin ƙoƙon ta auna tsaminsu. Na shafin ya nuna 2.8 a ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, na ƙoƙon 3.6. Duk abin da ya gaza 3 a irin wannan fata alama ce cewa asid ya yi aiki. Ta kuma dumama zaruruwan cikin ruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma don ta ga zafin da za su ƙanƙance. Sabuwar fatar jimar tsirrai takan jure har wajen digiri 75 zuwa 85. Ta ƙoƙon ta ƙanƙance a wajen 62, ta shafin a wajen 41. Tururin buta digiri 100 ne, kuma wannan ya bayyana abin da ya sami harshen nan da ya ƙandare: zaruruwansa sun dahu, babu kuma hanyar mayar da su.

Farin abin da ke cikin ƙoƙon ta ɗan ɗumama shi sai ya narke. Fumfuna ba ta narkewa, saboda haka kitse ne daga man da aka shafa, ya taso ya daskare a saman fata. Koren kuwa haɗuwar kitsen ne da jan ƙarfen da ke cikin tagulla.

Gwaji na huɗu shi ya tsara sauran aikin. Ta ɗiga sinadarai daban-daban a wani ɓoyayyen wuri na fentin, ƙarƙashin tagullar ƙeya. Sifirit ya narkar da shi nan take, abin da ya dace da fentin shelak, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. Farin man fetur mai sauƙi da masu fenti ke tsarma kayansu da shi bai taɓa shi ba. Matsalar ita ce maganin da ake ƙarfafa ruɓaɓɓiyar fata da shi a cikin sifirit ake narka shi. Ke nan abin da zai ceci ciki zai iya cinye waje in ya ratsa.

Yuli zuwa Satumba: fitar da mai

Ta zare guntayen fatar da suka riƙe mikiya ta cire ta. Gindin tsinin kuwa ta bar shi a wurinsa, domin ƙusoshin da suka riƙe shi masu ƙafa biyu ne da aka buɗe daga ciki, kuma tsohuwar tagulla takan karye in an miƙe ta an sake lanƙwasawa.

Man takalmi ya fita ba wuya, da auduga a kan tsinke da farin man nan, wuri kaɗan bayan wuri kaɗan. Farin sauran man goge ƙarfe ta tono shi daga tsagogi da tsinken katako da burushi mai laushi.

Man ƙafar shanu ne ya ci lokaci. Ta kwaɓa wata farar ƙasa mai tsotsar maiƙo da farin man, ta shimfiɗa siririyar takarda a cikin ƙoƙon, ta ɗora kwaɓin a kai, ta rufe ya jiƙa fatar, sannan ta buɗe ya bushe a hankali. Yayin da yake bushewa yakan jawo man daga cikin fata zuwa cikin ƙasar. Kwaɓin farko ya fito ruwan ɗorawa mai duhu. Ta maimaita sau tara a cikin ƙoƙon, sau shida a marfin ƙeya, tana barin kwanaki tsakani. Na ƙarshe ma bai fito fari tas ba. Shafin bai da ƙarfin ɗaukar kwaɓi, sai ta yi masa da takardar tsotsa kawai, a danna a ɗaga.

A tsakiyar wannan aiki, cikin Agusta, ta gwada manne harsunan biyu da suka yage da gam na akirilik da siririn yadi a bayansu. Kwana biyu gam ɗin ya saki, don fatar na da sauran maiƙo. Ta bar su sai ƙarshen Satumba, ta sake gwadawa da gam ɗin nan dai, ya kama.

Daga nan ta ƙarfafa shafin da maganin nan na ruɓaɓɓiyar fata mai suna Klucel G, kashi 2 cikin 100 a cikin sifirit. Kafin ta shafa, ta zura siririyar leda tsakanin shafin da ƙoƙon duk kewaye, ta kuma yi aikin da ɗan ƙaramin burushi wanda ba ya ɗaukar ruwa da yawa. Shafawa biyu ta yi. Garin ya daina tashi, launin bai ƙara duhu ba, fentin waje kuma ko ɗigo bai gani ba. Wannan magani yana ɗaure saman fatar ne kawai, ba ya mayar mata da ƙarfinta na da.

Oktoba zuwa Disamba: ɗaga saman ƙoƙon

Fata ba ta lanƙwasuwa sai da danshi, danshi kuma shi ne abokin gabar shafin da fentin. Hanyar da ta bi ita ce a ba fatar laimar iska ba ruwa ba, kuma babu zafi. Ta sa kwalkwalin a rufaffen akwati tare da kwanon ruwan da gishirin girki ya ƙoshi a ciki. Irin wannan ruwa yakan tsayar da laimar iskar akwati a wajen kashi 75 cikin 100. Ba ta barin sa ya wuce kwana biyu a ciki, domin fumfuna kan fara kama fata in laima ta daɗe sama da kashi 65.

Zagayen farko bai yi nasara ba. Ta tura saman ƙoƙon milimita 6 a tashi ɗaya da matashin soso mai tauri, ta bar shi mako guda, ta cire. Cikin kwana uku ya koma kusan inda yake, sabuwar tsaga kuma ta buɗe a fentin.

Sai ta sake dabara. Kowane zagaye milimita ɗaya zuwa biyu kawai take ƙarawa, ta hanyar cusa siraran faifan soso a ƙarƙashin gindin tsinin, kuma ba ta sake cire matashin ba tsakanin zagaye da zagaye. Kwalkwalin yakan fito daga akwati ya huta kwana goma a laimar ɗaki, matashin na ciki. Marfin biyu su ma an bi da su haka, da ƴan jakunkunan yashi marasa nauyi. A zagaye na shida saman ya taso milimita 8 daga cikin 12. A na bakwai fentin ya fara ɗagawa a bakin wata tsaga, ta dakatar da aikin a nan.

Janairu zuwa Fabrairu: ɗinki, tagulla da hatimi

Ta so ta mayar da marfin ƙeya ta ramukan ɗinkinsa na asali, kamar yadda aka saba. Ramuka uku na farko suka ɓarke da zarar an ja zare. Sai ta manna siririn ƙyallen roba mai ƙarfi a bayan layin ɗinkin daga ciki, ta rina shi ya saje da fata, ta bi da zaren lilin mai kaki ta rami ɗaya cikin kowane uku, ba tare da ta ja shi ya yi tsauri ba. Guntayen tsohon zaren da suka rage a ramukansu ta bar su.

Koren da ke jikin tagulla mai laushi ne, ya fita da tsinken katako da farin mai. Ta shafa wa tagullar siririn kaki na musamman da gidajen tarihi ke amfani da shi, ta sa siririyar leda a bayan mikiya don kada ta sake taɓa fata kai tsaye, ta yanka sababbin guntayen fata ta soke madaukanta. Tagullar ƙeya da ta gantsare ba ta yi ƙoƙarin miƙar da ita ba. Fentin da ya ɗaga ta kwantar da shi da gam kaɗan a bakin burushi, wurin da ya zube kuma ta rage masa haske da baƙin launi wanda za a iya gogewa daga baya.

A nan ne jikan ya nemi a narkar da fentin duka da sifirit a sake malala shi, a ƙara sabon shelak, don ya yi sheƙi kamar sabo. Masu tara irin waɗannan kwalkwali da yawa suna yin haka. Ta ce masa za a iya, amma daga ranar fentin ba zai ƙara zama na masana'antar da ta yi shi ba, kuma ba a komawa baya. Ya yi shawara da iyalinsa, suka bar shi yadda yake. Sun dai sayi sabon maɗaurin haɓa da alamar Furusiya ta gefen hagu, aka rubuta shekarar da aka sa su a bayan kowanne.

Hatimin ƙeya ya dushe ƙarƙashin mai, tawadar ta bazu. Da kyamarar da ke ɗaukar hasken da ido ba ya gani an iya karanta haruffan ma'ajiyar tufafi, masu nuna yankin Jamus da aka raba shi, da wata shekara da ta riga yaƙin. Lambar rundunar ba ta fito ba.

Bayan shekara guda

Kwalkwalin na cikin akwatin gilashi a ɗakin da rana ba ta shiga kai tsaye. Yana zaune a kan soson da aka sassaƙa daidai cikinsa, nauyin na kan saman ƙoƙon, marfin biyu na lilo ba sa taɓa komai. Laimar akwatin na tsakanin kashi 45 da 55, zafin ɗakin wajen digiri 18 zuwa 20. Da aka sake aunawa, saman ya koma ƙasa da milimita ɗaya kacal. Ɗinkin ƙeya ya riƙe. Farin kitse ya sake fitowa kaɗan a cikin ƙoƙon da hunturu, aka share shi da burushi. Kore bai dawo ba.

Hukunci

Shekaru ɗari na hayaƙi da silin sun ruɓar da shafin, sun tsuke ƙoƙon, sun lanƙwasa marfi. Wannan ɓarna ce babba, amma a hankali take tafiya, kuma da an sa kwalkwalin a kan matashi a ɗaki mai daidaiton laima tun ranar da aka same shi, da kusan ta tsaya cik. Abin da aka rasa har abada kuwa, wato harshen da ya dahu, fentin da ya zube a gindin tsini, tsohon launin tagulla da lambar runduna, duk cikin wata uku na gyaran gida aka rasa su.

Ban ga laifin niyyar jikan ba. Abin da ya sani gaskiya ne ga takalmi da sirdi, waɗanda ake lanƙwasawa kullum kuma suke bukatar laushi. Ƙoƙon kwalkwali an yi shi ne ya sandare, laushi nakasa ne gare shi, shafin kuma ba bushewa ce ta kama shi ba balle mai ya warkar da shi. A cikin abubuwa huɗun da ya yi, man ya fi tururi muni a ganina, ko da yake ɓarnar tururin ta fi tayar da hankali a ido. Tururi ya ƙone wuri ɗaya ya tsaya. Mai kuwa ya shiga ko'ina, ya cinye wata uku na aiki, ya hana gam kamawa, ya raunana ramukan ɗinki, ya tayar da kore a tagulla, kuma har yanzu bai gama fita ba.

Aikin ƙwararriyar ya ci ne saboda jerin da ta bi. Gwajin sifirit na rana ɗaya shi ya hana a lalata fentin da maganin shafi. Fitar da mai kafin manne ya sa gam ɗin da ya saki a Agusta ya kama a Satumba. Ita ma ta yi gaggawa sau biyu, a turin milimita 6 da kuma ɗinkin farko, kuma sau biyun fatar ta nuna mata. Bambancinta da jikan shi ne takan gwada a ɗan wuri, ta tsaya da zarar ta ga alama. Tsayawa a milimita 8 daidai ne, domin sauran huɗun da fentin asali za a biya su.

Game da sabon shelak, ina tare da ita a kan wannan kwalkwali, tunda mafi yawan fentinsa na nan. Da a ce ya zube ya bar fata tsirara, da maganar ta sha bamban, kuma ba zan zargi wanda ya sake shafawa ba muddin ya rubuta abin da ya yi. Sabon maɗaurin haɓa ma ban ga aibunsa ba, tunda yana cirewa cikin minti ɗaya kuma an yi masa alama.

Lambar rundunar ce asarar da ta fi damuna. Da ita, da kuma takardun aikin sojan kakan, da ana iya duba inda rundunonin biyu suka yi gaba da gaba a Faransa, a kusanci wurin da kwalkwalin ya sauya hannu da lokacin. Iyalin yanzu sun san yankin Jamus da aka raba shi da shekarar da aka buga masa hatimi, iyakar abin da ya rage ke nan. Ƙwararriyar ta nemi a dawo mata da shi bayan shekara biyu, ta sake ɗora kwaɓi a marfin ƙeya ta kuma sake ɗaukar hoton hatimin.